Mai gitar bas: ana rawa da kiɗansa, ba a san sunansa ba

Kaka ta yi, an ɗaure dammuna, hatsi ya shiga rumbu. Lokacin bukukuwa ke nan. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Agadas, mai biki yakan kira makaɗan gitar, waɗanda ake ce wa orkes. Idan wasa ya fara, idon kowa yana kan mawaƙi da mai ƙaramar gitar. Su ake yi wa guɗa, su ake yi wa liƙi.

Amma can baya, kusa da mai ganguna, akwai wani mutum tsaye da doguwar gitar. Ba ya tsalle, ba ya kiran sunan kowa. Shi ne mai bas. Samari da yawa a ƙauye suna sha'awar sana'arsa. Har wani yakan yi tunanin sayar da bisa ko hatsi don ya sayi gitar. Kafin a yi haka, ya kamata a san yadda sana'ar take.

Mene ne bas?

Gitar da aka saba gani tana da tsirkiya 6. Bas yawanci tana da 4, kuma masu kauri ne. An yi su da ƙarfe, an naɗe su da wata waya. Tsawon tsirkiya daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya ya kai santimita 86. Wadda ta fi kauri tana kaɗawa sau 41 cikin sakan ɗaya. Shi ya sa muryarta take ƙasa-ƙasa. Mutum yana jin ta a ƙirji kafin ya ji ta a kunne.

Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fara ƙera irin wannan gitar da yawa don sayarwa, a shekarar 1951. Kafin nan, makaɗan Turai da Amurka suna ɗaukar wani ƙaton abin kiɗa na katako, wanda tsawonsa ya kai na mutum.

Aikin bas ya yi kama da na gangar noma ranar gayya. Ganga ba ta riƙe hauya, amma ita ke daidaita saran manoma. Haka bas take riƙe ƙafar masu rawa, ta haɗa ganguna da waƙa. Idan mai bas ya tsaya, kiɗa ya zama miya ba gishiri. Nan take kowa zai waiwaya, ko da bai san abin da ya ɓace ba.

Bas ita kaɗai kusan bebiya ce. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Shi ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya, ya aika ta cikin waya zuwa akwatin ƙara sauti, wanda ake kira ampili. To, murya mai kauri tana son babban akwati da ƙarfin wuta. Faɗin bakin lasifikar bas yakan kai santimita 38. Idan aka sa bas a ƙaramin akwati aka ƙure shi, takardar lasifika sai ta yage. Saboda haka akwatin mai bas yana cikin kayan da suka fi nauyi a orkes.

Hanya da kaya

Ranar mai bas ba da dare take farawa ba. Tun da hantsi yake duba waya, ya gwada akwati, ya nemi abin da zai ɗauki kaya. Cikin gari kabu-kabu ne. Zuwa ƙauye, motar kasuwa ce, wani lokaci amalanke. Kowane rami na hanya yana girgiza cikin akwati, ya sassauta dalma.

Makaɗan Agadas da ake kira Etran de l'Aïr, wato taurarin Ayar, sun san wannan wahala. Ƴan gida ɗaya ne, sun fara a 1995 da gitar ɗaya marar wuta, da ƙwarya da suke bugawa da takalmi. Sun ba da labari cewa sun sha tafiya a ƙasa har kilomita 25 cikin daji, da kaya a baya, su yi wasa kyauta. Sannu a hankali suka tara kayansu, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya faifansu mai suna Agadez ya fito a 2022, suka yi wasa a Turai da Amurka.

Wani mai bas kuma hanyarsa ta fi haka tsawo. Mdou Moctar, makaɗin Nijar da ya yi suna a duniya, ya ƙera gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Wanda ya kaɗa masa bas a faifan Afrique Victime na 2021 Ba'amurke ne, sunansa Mikey Coltun. Don su yi aiki tare, ya sha hawa jirgin sama daga Amurka ya sauka Yamai, sannan ya shiga mota zuwa Agadas, kilomita fiye da 900. Ke nan ko babba ko ƙarami, rabin sana'ar a hanya take.

Ƙura, rana da gumi

Kayan mai bas suna da maƙiya uku.

Na farko ƙura. Lokacin hunturu takan shiga cikin maɓallan ƙara murya. Da an murɗa sai a ji ƙara kamar ana suya. Maganinta mayafi: a rufe akwati da gitar duk lokacin da ba a wasa.

Na biyu rana. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Wuyan gitar itace ne, kuma tsirkiyoyi 4 suna jan sa dare da rana da ƙarfi mai yawa. Idan an bar shi a rana, ko a kan mota, sai ya lanƙwashe. Tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsu su sha wahala, murya ta karkace. Akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyan, ana murɗa ta da makulli don a miƙe shi. Amma kaɗan-kaɗan ake murɗawa. Mai gaggawa yakan karya ta, ya rasa gitar gaba ɗaya. Iskar hunturu kuma tana busar da itace har bakin ƙarafunan wuya su fito su riƙa yankan hannu. Da damina itacen ya sha laima ya kumbura. Ke nan sau biyu a shekara ana duba wuya, kamar yadda manomi ke duba ƙotar hauya.

Na uku gumi. Gumi da dauɗar hannu suna shiga tsakanin naɗin tsirkiya, su kashe muryarta, su kawo tsatsa. Tsirkiyar bas ta ninka ta ƙaramar gitar tsada, kuma ba a samun ta a kasuwar ƙauye. Sai an aika babban gari. Don haka masu bas suna da dabara. Sukan kwance tsirkiyoyi, su tafasa su cikin ruwa kamar minti 10 zuwa 15, su shanya su har su bushe sarai, su mayar. Murya takan dawo na ɗan lokaci. Amma dabarar ba ta mai da tsohuwa sabuwa. Abin da ya fi shi ne a wanke hannu kafin wasa, a goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan wasa.

Abin da ya fi yawan ɓaci shi ne wayar da ke haɗa gitar da akwati. Yara su taka ta, masu rawa su ja ta, dalmar bakinta ta saki. Mai bas mai hankali yana tafiya da waya biyu, kuma yana abota da mai gyaran rediyo.

Wuta ba abokiyar wasa ba ce

A ƙauye, da injin wuta ake wasa, wanda ake kira gurup. Ƙarfin wutarsa wajen volt 220 ne, irin ta gari. Tana iya kashe mutum. Tsirkiyar bas ƙarfe ce, kuma hannun makaɗi yana kanta duk dare. Idan akwati ya lalace daga ciki, ko wata waya ta saɓule, wuta na iya biyo tsirkiya. Haɗari ya fi yawa idan mutum ba takalmi, ko an yayyafa ruwa a fili don kashe ƙura.

Don haka makaɗi ya sa takalmi mai ƙasan roba, ya tsaya a busasshen wuri. Idan ya ji gitar tana ɗan cizon yatsa, ya tsaya a duba. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe inji tukuna, ko a ture waya da busasshen itace. Bayan haka a kai shi likita.

Inji yana kashe akwati ma. Idan mai ya kusa ƙarewa, wuta takan yi sama ta yi ƙasa. Ƙa'ida ita ce a tada inji, a bar shi ya daidaita, sannan a kunna akwati. In an gama, a kashe akwati kafin inji. Cikin akwati akwai wata ƴar kwalba mai siririyar waya, ita ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Wasu sukan maye ta da takardar ƙarfe ta kwalin taba. Wannan ganganci ne. An cire mai gadi ke nan, ɓarawo ya shiga.

Jiki da aljihu

Nauyin bas wajen kilo 4 ne. Ba yawa, sai an rataya ta awa biyar. Orkes ɗin Tal National, wanda aka kafa a Yamai a shekarar 2000, ya yi suna da wasa dare biyar a mako, kowane dare awa biyar. Mai bas a irin wannan aiki yana fama da kafaɗa da baya. Maɗauri mai faɗi yana rage ciwo. Yatsu sukan yi bororo kafin su yi kanta. Kunne kuma yakan yi ƙugi bayan wasa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Matsawa daga bakin akwati da toshe kunne suna taimako.

Sai maganar kuɗi. Liƙi yana sauka a goshin wanda ake gani. Idan ba a yi magana tun farko cewa za a tara a raba ba, mai bas ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin rabo kuma ana fitar da kuɗin mota, da man inji, da hayar kaya idan ba nasu ba ne. Aikin ma na lokaci ne. Bayan kaka akwai biki, kafin azumi akwai biki. Cikin azumi shiru. Da damina kowa yana gona. Shi ya sa makaɗa da yawa suke da sana'a ta biyu. Shugaban Tal National kansa, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin shari'a a kotu tare da kiɗa.

Abin da ya kamata a riƙe

Mai biki ya tanadi inuwa da busasshen wuri domin kaya. Ya hana yara wasa da waya. Ya tabbata akwai mai isasshe a inji. Ya yanke lada tun kafin a fara, a gaban shaida. In ya tashi liƙi, ya tuna da na baya.

Su kuma makaɗa su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya riƙe littafin. Rubutu yana kashe gardama.

Saurayi mai sha'awa ya fara koyo da gitar aro, wajen wanda ya iya. Ya gwada shekara guda, rani da damina, ya ga abin da ya rage a hannunsa. Kada ya sayar da saniya ko gona don akwati. Saniya tana haihuwa, akwati kuwa tsufa yake yi. Kiɗa sana'a ce, kuma mai haƙuri yana cin abinci da ita. Amma ba a sakin reshe a kama ganye.