Shirin Musamman: Layi 11 da Suka Tsayar da Aikin Dubban Masu Rubuta Manhaja

Yau za mu leƙa wurin masu rubuta manhaja, mu ga yadda suke ɗauko kayan aiki a ƙunshe, da abin da hakan ya taɓa jawo musu.

Yawancin shafukan intanet da kuke buɗewa a waya suna aiki ne da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995. A 2015 aka yi wa harshen babban gyara, aka ƙara masa sababbin hanyoyin rubutu, amma tsofaffin burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, ba su gane su ba. Tun kafin nan, a 2014, wani matashi ɗan Ostareliya, Sebastian McKenzie, ya fara wata manhaja da ke karɓar sabon rubutu ta mayar da shi tsohon salo. Ita ce aka sa wa suna Babel daga baya.

A ƙarshen 2015 aka sake wa Babel fasali. Ita kaɗai ba ta sauya komai, sai an haɗa mata ƙananan manhajoji da ake kira fulogin, kowanne da sabon salo guda da yake fassarawa. To wa zai zauna yana zaɓar su ɗaya bayan ɗaya? Sai aka riƙa ɗaure su a ƙunshi. Ka rubuta sunan ƙunshin a layi ɗaya, duk su shigo tare. Kamar mai sayen ƙullin kayan miya ne, ba ya tsayawa tambayar gonar da albasa ta fito. Sauƙi ne na gaske, kuma ina ganin ya taimaki masu koyo ƙwarai.

Amma sau da yawa ƙaramar manhaja tana jingine da wata, waccan ma da wata. Ku riƙe wannan, masu sauraro, don nan labarin yake.

Akwai rumbun da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, sunansa npm. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ɗan asalin Turkiyya mazaunin Amurka a lokacin, yana da wata manhaja a rumbun mai suna kik. Kamfanin Kik na Kanada, mai manhajar aika saƙo, ya nemi ya saki sunan. Ya ƙi. Masu kula da rumbun suka ba kamfanin sunan. Ran Azer ya ɓaci, a ranar 22 ga Maris, 2016, ya kwashe kayansa gaba ɗaya, manhajoji 273.

A cikinsu akwai wata mai suna left-pad. Layi 11 ce kacal. Na maimaita, layi 11. Aikinta shi ne ta cike gurbi a gefen hagu na kalma ko lamba, misali 7 ta koma 007. Ɗalibin da ya yi 'yan watanni yana koyo zai iya rubuta ta. Amma a lokacin Babel tana jingine da wata manhaja da ke jingine da ita, dubban ayyuka kuma suna jingine da Babel. Nan take masu rubuta manhaja a ƙasashe daban-daban suka ga aikinsu ya ƙi haɗuwa, kwamfuta tana cewa ba ta sami left-pad ba. Da yawansu ba su taɓa jin sunanta ba, alhali tana cikin aikinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ke nan. Babu kutse, babu ɓarawo. Mutum ɗaya ne ya ɗauke abin da ya ba da kyauta, kuma ƙa'idar rumbun a lokacin ta ba shi damar yin haka.

Cikin 'yan sa'o'i npm ta dawo da manhajar. Lokaci yana hararar mu, don haka a taƙaice: daga baya an sauya ƙa'ida, aka taƙaita damar cire manhajar da wasu suka dogara da ita.

Matasanmu masu koyon wannan sana'a, ku ci gaba da amfani da ƙunshin, amma ku buɗe jerin abin da ya shigo muku ku karanta shi.