Abin da ke huda inoks, ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, tukwane da kwanuka da cokulan inoks suna cikin kayan da ake saye da tsada, saboda an san su da rashin tsatsa. Amma wani lokaci sai a ga ƴan ɗige-ɗige baƙaƙe a gindin tukunya ko a cikin tankin ruwa, kamar an soka allura. In aka daɗe, ɗigon sai ya zama huji, ruwa ya dinga yoyo, alhali sauran jikin ƙarfen yana nan yana ƙyalli. Sau da yawa gishiri ne ko ruwan jabel ke yin wannan ɓarna.

Inoks ƙarfe ne da aka garwaya da sinadarin kurom, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Wani Bature mai suna Harry Brearley yana cikin waɗanda suka fara sarrafa shi, a garin Shafil na Ingila a shekarar 1913. Da zarar kurom ya gamu da iskar oksijin, sai wata fata siririya ta rufe ƙarfen. Ido ba ya ganinta, don silin gashin kai ya fi ta kauri sama da sau dubu 10. Ita ce ke hana tsatsa. Ko an karce ta, muddin wurin yana da tsabta kuma iska na isa gare shi, takan sake tsirowa da kanta, kamar yadda rauni ke warkewa.

Babban abokin gabar wannan fata shi ne kulorur, sinadarin da ke cikin gishirin miya, da ruwan jabel, da ruwan rijiya mai zartsi. Kulorur ba ya cin ƙarfen gaba ɗaya. Wuri mai rauni yake nema, kamar inda aka yi walda, ko inda wani datti ya maƙale tun a masana'anta, sai ya fasa fatar a nan. Daga lokacin sai a shiga tsere. In fatar ta riga ta rufe, ɗan ramin ya mutu, ba wanda zai san an yi. Dubban irin waɗannan ramuka suna buɗewa suna rufewa a haka. In kuwa kulorur ya yi rinjaye, iska ba ta ƙara shiga ramin, ruwan da ke ciki ya yi tsami sosai, ƙarin kulorur ya taru, ramin ya dinga cin kansa zuwa ƙasa. Shi ya sa bakinsa kan zama ƙarami, cikinsa kuwa da faɗi.

Abubuwa uku ke taimakon kulorur: zafi, ruwan da ya kwanta ba motsi, da yawan gishirin. A lokacin bazara, ruwan da ya rage a gindin tanki yakan ƙafe ya bar gishirinsa a wuri guda, sai ruwan da ba shi da illa ya koma mai illa. Haka ƙarƙashin laka ko tsakanin ƙarfe biyu da aka ɗaure da kusa, inda iska ba ta kaiwa.

Inoks ma iri-iri ne. Wanda aka rubuta wa 304, ko 18/10 a bayan cokali, yana da kurom kashi 18 da nikel, ya isa aikin girki. Mai lamba 316 an ƙara masa molibden kashi 2 zuwa 3, ya fi jure gishiri, don haka shi ya dace da bututun rijiyar burtsatse mai zartsi. Masu lamba 201 da 430 sun fi arha, sun kuma fi saurin hujewa. Mayen ƙarfe yana kama 430, amma ba ya bambanta 201 da 304, saboda haka gwajinsa bai isa shaida ba.

Kariyar ba ta da tsada. A bari ruwa ya tafasa kafin a zuba gishiri, don kada ya kwanta a gindin tukunya. Kada a bar miya mai gishiri ta kwana biyu a ciki. In an wanke kaya da jabel, ko a gida ko a gidan likita, a ɗauraye su nan take da ruwa mai yawa, a goge su bushe. A guji soson baƙin ƙarfe, don yakan bar ɓurɓushin da ke tsatsa a jikin inoks. Ruwan lemun tsami yana cire tabon da ke sama-sama, amma kada a taɓa haɗa shi da jabel, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Tanki kuwa a riƙa zubar da ragowar ruwansa ana wanke lakar. Ramin da ya riga ya yi zurfi ba ya cikewa, sai dai a kankare shi ko a sake ƙarfen.