An sauya Windows, RAM 8GB ya koma 3.2GB: ina sauran ya shiga?

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu gyaran kwamfuta suke samun aikin sauya babbar manhaja. Ɗalibi daga Unguwar Ya ko Gwaram zai kai laftof ɗinsa ta hannu, irin waɗanda ake sarowa daga titin Beirut a Kano, wajen mai gyara a Birnin Kudu. Ya dawo gida ya duba, sai ya ga an rubuta RAM 8GB, amma wanda ake iya amfani da shi 3.2GB ne kacal. Zargin farko kan faɗa wa mai gyara: ya zare RAM ɗaya. Galibi kuwa bai taɓa komai ba.

Hujjar tana kan allon. Da an zare wani abu, lambar farko ce za ta ragu. Tunda Windows na ganin 8GB, kayan na nan a ciki, kasa kaiwa gare su ya yi. Mai son ƙarin tabbaci ya shiga BIOS lokacin da kwamfutar ke tashi, da F10 a yawancin HP ko F2 a Dell. Adadin da BIOS ya nuna ba ruwansa da Windows.

Babban mai laifi shi ne Windows mai bit 32. Kowane gurbi a cikin RAM yana da lambar adireshi, kamar lambar gida, kuma tsarin bit 32 adireshi 4,294,967,296 kawai yake iya ƙirgawa, wato 4GB daidai. Ko wannan ma ba duka RAM ke samu ba, domin katin hoto da sauran na'urorin da ke kan babban allon kwamfutar suna ɗibar nasu adireshin daga ciki. Abin da ke raguwa kan tsaya tsakanin 3GB da 3.5GB, ko da an cusa wa injin 16GB. Masu gyara da yawa suna da tsohon filashi ɗaya da suke saka wa kowa Windows daga ciki, ba tare da duba wane iri ne ba. Wannan sakaci ne, amma ba sata ba ne.

Ana ganewa cikin minti ɗaya: a buɗe Settings, a shiga System, sannan About, a karanta layin System type. Idan an rubuta 32-bit operating system tare da x64-based processor, injin na iya ɗaukar bit 64, ba a dai saka masa ba ne. Babu madannin da ke mayar da 32 ya koma 64. Dole a sake saka Windows daga farko, kuma hakan na iya share duk abin da ke kan C. A kwashe takardu da hotuna tukuna. Ana buƙatar filashi mai aƙalla 8GB da data sama da 4GB don sauko da manhajar daga shafin Microsoft. Lasisin ɗaya ne, ba a sake biya. Shi Windows 11, wanda ya fito a 2021, bit 64 kawai yake zuwa da shi, don haka wannan matsalar ta masu Windows 10, 8 da 7 ce. Windows 7 ma yana da nasa takunkumin: nau'in Starter ba ya wuce 2GB.

Idan kuma bit 64 ne a kai amma lissafin bai cika ba, sai a danna madannin Windows da R tare, a rubuta msconfig, a shiga Boot, sannan Advanced options. Akwai akwatin Maximum memory. Wasu kan yi masa alama da tunanin zai ƙara gudu, alhali ƙayyade RAM yake yi. A cire alamar, a sake kunna kwamfutar.

Akwai ragin da ba matsala ba ne. A cikin Task Manager, ƙarƙashin Performance da Memory, layin Hardware reserved yana nuna abin da aka ware wa na'urori. Laftof marasa katin hoto na daban, masu Intel HD ko AMD Radeon na ciki, daga RAM suke aro. Masu waya sun saba da haka: wayar da kwalinta ya ce 4GB ba dukkan 4GB ɗin ake samun amfani da shi ba. Megabait ɗari ko ɗari biyu ba abin damuwa ba ne, wasu laftof masu Ryzen ma har 2GB suke warewa, kuma a wasu ana iya rage shi a BIOS.

Amma idan rabin RAM ɗin cur ne ya faɗa cikin Hardware reserved, a nan ne ake ɗaukar sukudireba. Ƙurar hunturu kan shiga ramin RAM, ko sandar ta ɗan goce daga mazauninta. A kashe kwamfutar, a cire caja da batir in yana fita, a zare sandunan, a goge bakinsu mai ruwan zinare da busasshen ƙyalle, a mayar har su yi ƙas. In sanda biyu ce, a gwada kowace ita kaɗai a kowane rami, don a gane ko sandar ce ta mutu ko ramin, kafin a kashe kuɗi a kan sabuwa.