Haɗa karen gida da na waje: lissafin da ake yi kafin barbara

A Jandutsi da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, an daɗe ana kiwon kare domin farauta da gadin gida. Mai son haɗa karyarsa da karen waje, irin na Jamus, yakan sa ran 'ya'yan za su ɗauko girman uba da juriyar uwa. Sai dai gado ba ya bin zaɓin mai kiwo. Kwikwiyo na iya ɗauko gashin uban mai kauri, ya sha wuya a zafin Afrilu, kaska kuma ta samu mafaka. Idan uban ya fi uwar girma sosai, haihuwa kan zo da gardama.

Babbar tambayar ita ce: wa zai karɓi 'ya'yan? Karya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 63, kuma tana iya haifar shida ko fiye. Kowane ɗaya na buƙatar mako takwas tare da uwa, sannan allurar rigakafin haukan kare idan ya kai wata uku. Wanda bai samu mai shi ba, yawon bola yake komawa, cikin unguwar da yara ke wasa.

Daga nan batun ya wuce gidan mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari ta hanyar cizo, kuma sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin cutar ta daina yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana haɗa allurar. Kai ta ƙauye kuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan gwamnatin Kebbi da ƙananan hukumomi.