Ina Aka Binne Kaka? Neman Asalin Zuriya a Zangon Ankara

Yau tafiya za mu yi ba tare da kin taka ƙofar gida ba. Za mu gangara bakin teku, birnin Accra na ƙasar Gana, wanda kakanninmu suke kira Ankara.

Gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suna da labari iri ɗaya: "Kakanmu ya tafi Gwanja fataucin goro, bai dawo ba." Wataƙila a gidanku ma akwai irinsa. Idan jika ya tashi neman kabarin wannan kaka, ko neman 'yan uwan da ya bari can, sai ya iske takardu sun fi ruɗa shi da shiryar da shi. Me ya sa? Bari mu fara da yadda mutanenmu suka isa can.

Hanya biyu ce ta kai Hausawa bakin tekun Gana. Ta farko fatauci da malanta. Ayarin fatake kan sauka a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai mutane suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har Ankara, wadda Turawan Ingila suka mayar hedkwatarsu tun 1877. Hanya ta biyu aikin soja. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, aka kai wasunsu yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da dama kuma suka zauna, suka yi aure, suka hayayyafa. Cikin magabatan da ake tunawa a Ankara akwai Malam Idrisu Naino, wanda ya kafa Zangon Malam a 1881, da ɗansa Malam Baƙo, wanda ya kafa Sabon Zango wajen 1910.

To uwargida, ga inda gizo ke saƙa. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara rubuta mace-mace ne a 1888 ƙarƙashin dokar maƙabartu, rajistar haihuwa kuwa sai 1912, kuma a manyan garuruwa abin ya fi ƙarfi. Wanda ya rasu kafin nan, ko a wani ƙauyen hanya, da wuya a sami sunansa a littafi. Ga shi mu Musulmi ba mu jinkirta jana'iza, kuma a al'adarmu ba a cika kafa dutse mai suna a kan kabari ba. Shekaru kaɗan, ƙasa ta baje, sai wanda ya halarci jana'izar ne kaɗai zai iya nunawa.

Ko an rubuta ɗin ma, wa ya rubuta? Akawu ne wanda ba ya jin Hausa, abin da kunnensa ya ji shi hannunsa zai sa. Abubakar ya koma Bukari, Muhammadu ya koma Mahama, Sa'idu ya koma Seidu. Shi kansa Malam Naino za ki ga an rubuta shi Neno a nan, Nenu a can. Sai mai nema ya zaci mutum uku ne, alhali mutum ɗaya ne.

Sannan ga matsalar suna na biyu. A littafin soja da na 'yan ƙwadago, sunan gari ko na ƙabila ake liƙa wa mutum, a ce Musa Kano ko Garba Katsina. Musa nawa ne suka fito daga Kano? Sojan nan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, Alhaji Grunshi aka rubuta shi, Grunshi kuwa sunan ƙabila ne a arewacin Gana. Haka kuma Turawa kan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa yana jin Hausa da Bahaushe, ko da Babarbare ne ko Bazabarme ko Bafulatani. Don haka kalmar "Hausa" a takarda ba ta isa hujjar asali ba.

Mu ma da namu laifin, idan laifi ne. Kunya ta hana mace faɗin sunan mijinta da na ɗan farinta, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Gida ya san Ɗanladi, takarda ta san Usman. Mata kuwa abin ya fi tsanani: Ladi, Talatu, Inna, Gwaggo, har jikoki su girma ba su taɓa jin sunan yankan kakarsu ba.

Shekaru ma haka. Mutanen da ba su riƙe ranar haihuwa ba, akawu sai ya ƙiyasta. Malamai kuma da hijira suke rubutawa, shekarar hijira ta gaza ta Turawa da kusan kwana 11, wato duk shekara 33 an sami ratar shekara guda. Shekarar 1918, da annobar mura ta yi ɓarna a duniya har da Gana, ta ratsa 1336 da 1337 na hijira. A lokacin annoba irin wannan, ko wadda ta auka wa Ankara a 1908, ana binne mutane cikin gaggawa, rubutu ba ya samun kulawa.

Za ki ce, mene ne na tone-tone, wanda ya tafi ai ya tafi? Uwargida, akwai haƙƙi a ciki. A shari'a wanda ya riga rasuwa ba ya gadon wanda ya biyo baya, saboda haka sanin wa ya riga wa tsakanin uba da ɗa yana iya sauya rabon gida gaba ɗaya. Akwai batun shayarwa, wadda ke haramta aure, kuma ba a rubuta ta a ofis, mata ne suka san wa ya sha nonon wa. Akwai zumunci. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin barin Gana, dubban mutane suka dawo Najeriya da Nijar, wasu suka baro 'ya'ya da mata a can. Waɗannan 'ya'ya jininmu ne, da yawansu suna nan da ransu, su ma nema suke.

To me za ki iya yi daga ɗakinki? Abu mafi girma ma a hannunki yake. Ki sami littafi da biro, ko ki ɗauki murya da waya, ki zauna da tsohuwar gida, surukarki ce ko gwaggo. Kada ki tambaye ta shekara. Ki ce: "Inna, lokacin da Baba ya tafi, wa ke goye a bayanki? Wane sarki ke kan gado? Kafin yunwa ne ko bayanta?" Idan ta zauna Ankara, ki tambaye ta ko kafin girgizar ƙasar 1939 ne. Ki rubuta sunan yanka da laƙabi duka biyu, da sunan uwa, da unguwa, da sana'a, da sunan maigidan da ya saukar da shi, domin a zango kowane baƙo yana da mai masauki. Idan kunya ta hana ta faɗin suna, ki nemi ƙanwarta ko aminiyarta. Ki roƙi maigida a duba gafakar Alƙur'anin gado, malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen takarda. Kuma kada ki tsaya kan baki ɗaya, ki ji daga mutum biyu ko uku a lokuta daban.

Idan waɗannan sun haɗu, sai maza su ɗauka daga nan: fadar sarkin zango, limamin unguwa, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ake kira PRAAD a Accra. Wanda ya je da suna ɗaya tal zai dawo hannu rabbana. Wanda ya je da suna da laƙabi da sunan mai masauki, shi ne takarda za ta yi wa magana.

Wataƙila ba a gano kabarin ba har abada, kuma ba komai, addu'a tana isa inda ƙafa ba ta kai ba. Amma 'yan uwa masu rai ana iya samunsu, muddin an tambaya tun tsofaffinmu na nan. Kada ki bari sai gobe, yau bayan la'asar ki kai wa Inna goro, ki buɗe littafinki.

Allah ya jiƙan magabatanmu na gida da na bakin teku, ya sada mu da alheri. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.