Daren da aka tuɓe rawanin Bokassa: sojojin wa suka maido da jamhuriya?

A daren 20 ga Satumba 1979, sojojin Faransa suka sauka a filin jirgin sama na M'Poko, wanda ba shi da nisa da unguwar PK5 a Bangui. Tare da su akwai tsohon shugaban ƙasa David Dacko. Kafin gari ya waye, Dacko ya sanar ta rediyo cewa daular Bokassa ta rushe, ƙasar ta koma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi kuwa sarkin yana ziyara a Libiya.

Jean-Bédel Bokassa soja ne da ya ƙwace mulki daga hannun Dacko a daren shiga 1966. A 1976 ya musulunta bayan ganawa da Gaddafi, amma ba a jima ba ya koma Kirista, ya ayyana ƙasar a matsayin daula. An naɗa shi sarki ranar 4 ga Disamba 1977, a bikin da aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 20, alhali ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi.

Yaran makaranta ne suka fara girgiza gadon sarautar. A Janairun 1979 suka fito zanga-zanga kan tilasta musu sayen kayan makaranta masu tsada. A Afrilu aka kama ɗaruruwansu, kimanin 100 suka mutu, da yawa a kurkukun Ngaragba. Bayan rahoton Amnesty International da binciken alƙalai daga ƙasashen Afirka biyar, Faransa, wadda ta taimaka da kuɗin naɗin, ta juya wa Bokassa baya.

Ana kiran abin juyin mulki, amma ba sojojin ƙasar suka yi shi ba. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki Dacko ɗan amshin shatan Paris. Ko shekara biyu bai cika ba, Janar André Kolingba ya kifar da shi ranar 1 ga Satumba 1981.

Sojojin Faransa na ƙarshe sun fice a Disamba 2022, amma har yanzu tsaron Bangui na jingine da dakarun MINUSCA da na Ruwanda da na Rasha. Mazauna PK5, da suka ga tashin hankalin 2013 da 2014, sun san cewa baƙon da ya ɗora shugaba kan kujera, shi ne kuma ke iya sauke shi.