Wasan awa ɗari, mai shi ba shi da awa ɗaya: yadda matasan kasuwa ke fama da dogayen wasannin bidiyo

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya san yadda jira yake a Ɗan Isa. Mota ta tsaya, direba ya shige ofishin duwan da takardu, fasinjoji su watsu neman inuwa. A da, manya su buɗe rediyo, matasa su kama hira ko karta. Yanzu in ka duba da kyau, kawunan matasan a sunkuye suke, yatsu na ta aiki bisa gilashin salula. Mafi yawansu ƙwallo suke bugawa ko tseren mota, wasan da minti goma ya ishe shi. Amma akwai wasu ƴan kaɗan da suka faɗa wani irin wasa dabam, wanda ba a gama shi a zama ɗaya, ba a gama shi a mako ɗaya, wani ma sai an ga wata shida. A kansu muke son yin magana yau, da su da iyayen gidansu.

Masu sana'ar suna kiran irin waɗannan wasanni da haruffa uku, RPG. Kada hankalin mai karatu ya tashi, ba makamin nan da muke ji a labaran yaƙi ba ne. Wasa ne da mutum zai shiga rigar wani jarumi ya yi rayuwarsa. Ka fara da yaro marar komi sai tsohon takobi, ka bi gari-gari, ka sami abokan tafiya, ka yi faɗa, ka tara kuɗi, ƙarfinka na ƙaruwa mataki-mataki, labari kuma na warwarewa kamar littafi mai juzu'i da yawa. Kusan kowane gari na cikin wasan yana da kanti, kuma mai kantin, kamar na gaske, ba ya sayen kayanka a farashin da ya sayar maka. Asalin abin daga Amurka ne, inda a 1974 aka fito da Dungeons & Dragons, wanda ake yi bisa tebur da takarda da fensir. Mutanen Japan ne suka kai shi gidajen jama'a ta akwatin talabijin, da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987.

Tsawonsu ne abin dubawa. Final Fantasy VII na 1997, mai faifai uku, yana cin wajen awa 40. The Witcher 3 na 2015, wanda wani kamfanin Poland ya yi, babban labarinsa kaɗai wajen awa 50 ne, in kuma ka bi ƙananan ayyukan gefe ya haura 100. Persona 5 na 2016 yana kai awa 100 ko da ba ka ratse ba. To, ɗan kasuwa ya san lissafi. Wanda ke samun minti 45 kowane dare bayan ya rufe shago ya ci abinci, awa 100 a wurinsa dare 133 ne, wato kusan wata huɗu da rabi, in bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Mai rabin awa kuwa dare 200. Kaɗan ne ke yin wannan lissafi kafin su fara.

Abin da ya sa muka shiga maganar

Mu ba ƴan wasan ba ne, aikin rediyo bai bar mana wannan fili ba. Ɗan ƙanwarmu ne ya jawo mu ciki. Yaron shago ne a Maraɗi, wurin wani Alhaji mai sayar da caja da batura da sauran tarkacen salula. Bara ya sayi PlayStation 2 ta hannu, aka haɗa masa da faifan Final Fantasy X, wasan 2001, wanda muryoyinsa Ingilishi ne amma rubutun ƙasa Faransanci, don haka yana bin labarin sarai. A wannan wasa ba a ajiye inda aka kai sai a wasu wurare na musamman, inda za ka tarar da wata ƴar ƙwallo mai haske. Kafin manyan faɗace-faɗace kuma akwai dogon fim da ba a iya tsallake shi. In aka kashe ka, sai ka sake kallonsa daga farko.

Wata Asabar da dare, washegari kasuwar Jibiya, ya ce bari ya kai wurin ajiya na gaba ya kwanta. Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta, aikin fiye da awa ɗaya ya bi ruwa. Da aka maido ta, maimakon ya haƙura, sai ya zauna ramuwa, kamar ɗan cacar da aka cinye. Bai kwanta ba sai gab da asuba. Mota ta tashi ba shi, Alhaji ya tafi shi kaɗai da kaya, ya wuni yana ciniki yana gadi. Da ƙyar muka ceto masa gurbinsa, bayan mun je har gida mun ba da haƙuri. Da muka zaunar da shi, abin da ya ce shi ne: "Kawu, wallahi ba daɗin wasan ne ya hana ni kwanciya ba, wurin tsayawa ne ban samu ba."

Da farko mun ɗauki maganar a matsayin kame-kame. Daga baya muka ga da gaskiyarsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro tafiyar watanni suke yi, kuma tsawon hanya bai taɓa hana su tashi ba. Abin da madugu ke dubawa shi ne nisan da ke tsakanin wannan zango da wancan, da inda za a sami ruwa. Haka dogon wasa yake. Mai awa 100 da zai bar ka ka sauke kaya duk lokacin da mai saye ya tsaya gabanka ya fi sauƙi ga ɗan kasuwa a kan mai awa 30 da zai riƙe ka sai ka kai inda shi yake so.

Su ma masu yin wasannin sun daɗe suna fama da wannan. Dragon Quest na farko, a Japan, ba shi da wurin ajiya ko kaɗan. In za ka tashi sai ya ba ka wasu haruffa 20 ka kwafa a takarda, ka shigar da su gobe. Na biyun yakan kai haruffa 52, kuma kuskuren ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofa. Na ukun, wanda ya fito ranar Laraba 10 ga Fabrairu 1988, ya zo da ƙaramin batir mai riƙe ajiya. Ranar fitowarsa ɗalibai da ma'aikata suka yi fashin makaranta da aiki suka shiga layi, har ƴan sanda suka kama yara da dama. Bayan nan kamfanin ya koma fitar da sababbin wasannin a ranakun hutun ƙarshen mako. Ana yawan cewa wai doka ce gwamnatin Japan ta kafa. Ba doka ba ce, shawarar kamfanin ce. Ashe fashin kasuwa saboda wasa ba a kan ɗan ƙanwarmu aka fara shi ba.

Na'urar da ke shiga aljihu

Yau an sami sauƙi sosai, in mutum ya san abin da zai nema. Ƙananan na'urorin hannu, tun daga PSP ta 2004 har zuwa Nintendo Switch ta 2017, suna da maɓallin da za ka latsa wasa ya yi barci a daidai inda yake, ko da tsakiyar faɗa ne, ka tashe shi bayan awa biyar ya ci gaba. Batirinsu kuma na nufin ɗauke wuta ba ya cinye maka aiki. Matasanmu da yawa suna buga wasannin PSP a salula ta manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012, ita kuma tana iya ɗaukar ajiya a kowace daƙiƙa. Sai dai a riƙa haɗawa da ajiyar cikin wasan kanta, don irin waccan takan ƙi buɗewa in an sabunta manhajar. Kuma kafin a kai waya wurin mai gyara a wanke ta, a kwafe ajiyar zuwa katin memori. Mun ga wanda ya rasa awa 60 a teburin mai gyara, ya yi jugum kamar an yi masa sata.

Tsofaffin wasannin da aka sake fitarwa ma an rage musu wahala. Sabon bugun Final Fantasy XII na 2017 yana bari ka ninka saurin tafiya da faɗa sau biyu ko sau huɗu. Final Fantasy VII na na'urorin yanzu yana da ninki uku, kuma kana iya kashe ƙananan faɗace-faɗacen da ke tare ka a hanya. Da yawa daga cikin sababbin wasanni suna da mataki mai sauƙi, na wanda labari kawai yake so. Akwai matasan da ke ganin wannan ragwanci ne. Mu ba mu gan shi haka ba. Wanda ya wuni tsaye yana fama da masu saye da ƴan canji ba shi da abin da zai nuna wa kwamfuta da dare. Ayyukan gefe kuwa, irin su nemo wa wata tsohuwa tukunyarta ko kashe kuraye goma, a ɗauki wanda ya burge a bar saura. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya fara da gajere kamar Chrono Trigger na 1995, wanda bai cika wuce awa 25 ba kuma akwai shi a salula. A kula kuma: wasu, kamar The Witcher 3, na manya ne, akwai hotunan da ba a buɗe su gaban yara ko cikin shago.

Waɗanda muka fi jin tsoro su ne na kyauta. Genshin Impact, wanda wani kamfanin Sin ya fitar a 2020, ba a biyan ko dala wurin sauke shi, kuma kyansa ba a magana. Amma kullum yana ba ka ayyukan da in ba ka shiga ba ladarsu ta wuce ka, yana da wani ƙarfi mai cika kansa sannu a hankali, maki ɗaya kowane minti takwas, wanda in ya cika ba ka kashe ba sai ka ji kamar kana asara. Jarumai masu ƙarfi kuma ta hanyar canki-canka ake samun su, wanda ya ƙosa ya sa kuɗi. Ba ya aiki sai da intanet, kuma duk mai zama bakin iyaka ya san yadda layi ke tsalle tsakanin na Nijar da na Nijeriya, data na ƙonewa. Wasan da ke da ƙarshe yana jiranka ko ka yi wata ba ka leƙa ba. Wannan kuwa shi ke ɗaukar sunan waɗanda suka zo aiki, kamar wani ubangida na biyu.

Mun ga wani abu a lokacin rufe iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe hanya, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Yaran shago da ƴan dako da ƴan kamasho suka sami lokacin da ba su roƙa ba, wasu suka cinye shi a dogayen wasanni, da cajin hasken rana. Da aka buɗe hanya, kasuwa ta dawo, akasari suka bar su a tsakiya. Wanda ya koma bayan mako uku sai ya tarar bai san inda yake ba, bai san wa yake nema ba, har maɓallan ya manta. Nan ne mafi yawan wasanni ke mutuwa. Kaɗan daga cikinsu, kamar Dragon Quest XI na 2017, suna karanto maka taƙaitaccen inda aka kwana duk lokacin da ka buɗe. Sauran sai ka yi wa kanka: layi biyu a takarda kafin ka kashe, ina nake, ina za ni, me nake nema. Kuma wasa ɗaya a lokaci ɗaya. Mai bin kasuwa biyu rana ɗaya ya san yadda take ƙarewa.

Kada a ɗauka sana'ar ta Japan da Turai ce kawai. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, labarin wani yarima da surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar naɗinsa da aurensa. Su ma sun sha fama da ɗauke wuta kafin su gama shi.

Shi ɗan ƙanwar tamu, yarjejeniyar da aka yi gaban Alhaji ita ce: ba wasa daren da washegarinsa kasuwa ce. Wato Asabar da dare an cire saboda Jibiya, Lahadi da Alhamis an cire saboda Litinin da Juma'ar Maraɗi. Saura dare huɗu, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na yi, in ya iso wurin ajiya ya tsaya nan, ko da na gaba yana hango shi. A haka ya gama Final Fantasy X cikin kusan wata huɗu. Makon jiya mun biya shagon sayen caja, Alhaji ya miƙo mana littafin bashi yana dariya, ya ce mu duba shafin ƙarshe. Ƙarƙashin lissafin batura, da rubutun yaron, an sa: "Ina bakin gada, saura in koma gari in sayi magani."